Inda Gwani Ya Miƙa Wuya

A asibiti an san Sista da allura da faɗa. A gida kuwa an san ta da allon darar ces, wato darar Turawa mai sarki da sarauniya, wanda ya mamaye teburin cin abinci har sai da iyalin suka haƙura suka koma cin abinci a kan cinya. Duk ranar da ba ta da aikin yamma, da ta cire fararen kayanta sai ta jawo kujera, ta jera 'ya'yan darar, farare a can baƙaƙe a nan, ta buɗe wani tsohon littafi mai ɗauke da wasannin da gwanaye suka buga a manyan gasa. Ta karanta motsi ɗaya, ta matsa doki. Ta karanta na gaba, ta miƙa hannu ɗaya ɓangaren ta matsa giwa. Haka take sake buga wasan mutanen da wasunsu ma sun daɗe a ƙasa, tana magana da su kamar suna zaune a falon. Wanda ya yi abin kirki ta jinjina masa, wanda ya yi shirme ta ja masa tsaki.

Abin da take nema ba ɓoyayye ba ne. Ƙungiyarsu ta ces tana da ɗaki a saman wani shagon sayar da fenti, kuma duk shekara tana tura tawaga zuwa babbar gasa ta ƙasa. Kujerun sama na tawagar suna da masu su, samari ne da ba a taɓa su. Kujerar ƙarshe ce ake kokawa a kanta, ita ce kuma Sista ta yi shekara da shekaru tana miƙa hannu tana dawowa da shi wayam. Furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta, gwiwarta ta fara ƙorafi a kan matakalar shagon fentin. Ba ta faɗa wa kowa ba, amma ta riga ta yanke wa kanta cewa in bana ma ta faɗi, ta daina hawa benen nan.

Mai tare mata hanya kullum mutum ɗaya ne, wani mai shagon gilashin ido da 'yan ƙungiya suke kira Haddace. Ba mugu ba ne, a faɗi gaskiya. Mutum ne mai tsabta da fara'a, sai dai Allah ya ba shi kai kamar rumbu. Buɗin wasa, wato motsin farko-farko da gwanaye suka riga suka tace, yana cikin kansa tsaf. Yakan zuba su kamar mai karanta lambar wayarsa, agogon da ke ƙirga masa lokacin tunani bai ko motsa ba, kai kuwa kana can kana zufa. Kafin ka farga ka shiga ramin da wani ya faɗa tun kafin a haife ka, shi kuma ya gyara gilashi ya gaya maka shekarar da aka yi hakan da shafin littafin da yake ciki.

Sai mijinta. Mai gyaran firiji ne, unguwa duk Injiniya take ce masa, ita ma haka take kiransa in tana son tsokana. Ces dai ya san yadda kowane ɗa yake tafiya, iyakar saninsa ke nan, kuma bai taɓa jin kunyar hakan ba. Amma yana da wata ɗabi'a da ta daɗe tana ci wa Sista rai.

Wasannin gwanaye ba kasafai ake buga su har sarki ya mutu ba. Da gwani ya ga babu mafita sai ya miƙa hannu a gaisa, littafi ya rubuta cewa ya miƙa wuya, a buɗe sabon shafi. Duk mai nazari a nan yake tsayawa. To, ban da gidan Sista. Da ta kai ƙarshen wasa ta fara kwashe 'ya'ya, sai ka ji muryar Injiniya daga bakin ƙofa, yana goge hannu da tsumma.

"Tsaya, tsaya. An gama ne?"

"An gama. Baƙi ya miƙa wuya."

"A kan me? Ai ga 'ya'yansa nan birjik."

"Injiniya, mutumin nan gwanin duniya ne. Ya ga abin da ba ka gani ba."

"To ni ban gani ba. Nuna mini."

Sai ya ja kujera ya zauna a mazaunin wanda ya sha kaye, ya ɗora daga inda gwani ya ajiye. Ba ya tashi sai ta kashe masa sarki murus. Ta kashe shi ta gaba, ta kashe shi ta baya, ta kashe shi tana waya da 'yarsu Auta da ke makaranta, amma ko sau ɗaya bai taɓa cewa ya yarda ba. In ta yi mita sai ya ce shi a sana'arsa ba ya ce wa firiji ya mutu sai ya kwance bayansa ya gani da idonsa. Ita kuwa gani take ɓata lokaci ne kawai, lokacin da ya kamata ta zuba a haddar buɗi ko ta kamo ƙafar Haddace.

Wata Asabar da rana ta zauna kan wasan da ta fi tsana a littafin. 'Yan ƙungiya suna kiransa wasan ɗaurarren doki. Gajere ne, daga buɗi sai kisa, kuma shi ne buɗin da Haddace ya fi so in yana riƙe da farare. A ƙarshensa dokin baƙi yana tsaye a tsakiyar allo, sarauniyarsa na bayansa, hasumiyar fari kuma ta auno su biyun a layi ɗaya. Ga ƙaramin sojan fari ya matso zai ci dokin. In doki ya tsaya a cinye shi, in ya kauce a cinye sarauniya. Gwanin da abin ya faɗa wa ya duba ya duba, ya miƙa hannu. Tun daga nan babu mai hankalin da yake bin wannan hanya da baƙaƙe, kowa yakan kauce tun da wuri.

Sista ta kai ƙarshen, ta ja tsaki, ta kai hannu za ta kwashe.

"An gama ne?" in ji Injiniya. Ya shigo da kofin shayi a hannu, hannun rigarsa duk baƙin mai.

"Don Allah yau ka ƙyale ni. Wannan ko yaro ya san ya ƙare."

"Ni ban sani ba."

Ya zauna. Ya ƙura wa allon ido yana kurɓar shayi da ƙara, abin da ta hana shi tun suna amare bai hanu ba. Can ya ɗauki dokin ya dire shi a cikin gidan fari, a wani gurbi da soja zai iya cin sa, sarauniya ma za ta iya cin sa.

"To ci," ya ce.

Dariya ta kusa ƙwace mata. Ta ɗauki hasumiyar fari za ta cinye sarauniyar da ya bari a fili, sai hannunta ya tsaya a sama. In hasumiyar nan ta bar layin baya, wa ya rage yana gadin sarkin fari? Sarkin yana lungu, sojojinsa uku sun tokare masa gaba, ba shi da wurin fita. Da, sarauniyar fari ce take hango layin daga nesa ta kan kusurwa, ga shi yanzu dokin ya zo ya zauna daidai kan hanyarta. Hasumiyar baƙi za ta sauko kawai, sarki ya mutu.

Ta mayar da hasumiyar a hankali. Ta gwada cin dokin da soja, ta ga sojan ne zai koma ya toshe hanyar da kansa. Ta gwada ci da sarauniya, nan ma mutuwa ce, sai dai ta ɗan jinkirta. Ta tashi ta zagayo bayan mijinta ta kalli allon ta ɓangarensa.

"Baban Auta," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "me ka gani da ka sa shi a nan?"

Ya ɗaga kai ya dube ta, don ba ta kiransa haka sai magana ta yi nauyi. "Ni? Ban ga komai ba. Na ce tunda mutuwa zai yi, gara ya mutu a gidansu da ya mutu a tsaye."

"Mutumin nan bai faɗi ba. Shi ne ma yake da nasara. Ya miƙa wuya a wasan da ya ci."

"Ai na daɗe ina gaya miki," in ji Injiniya, ya ci gaba da shan shayinsa kamar dama abin da ya sani ne.

Daga ranar Sista ta canja. Ta bi kowane reshe na wannan matsayi har ƙarshensa, ta sa Injiniya ya riƙe farare ya yi duk haukan da ya ga dama, tana kashe shi tana murmushi. Shi kuwa bai taɓa samun gata irin wannan ba, har yanga ya fara, yana cewa a jira shi ya gama wanka tukuna. A ƙungiya ba ta ce uffan ba. Tsoronta ɗaya ne: kada Haddace ya taɓa tambayar kwamfuta game da wannan wuri. Ta san yana tace buɗinsa da ita. Abin da take fata shi ne, kamar kowa, ya tsaya inda littafi ya tsaya, don wa zai ɓata lokaci yana binciken wasan da aka riga aka yi wa jana'iza?

Gasar zaɓen tawaga ta zo, aka yi ta fafatawa mako bayan mako. Sista ta ci wasu, ta yi canjaras a wasu, wani yaro mai saurin hannu ya lallasa ta a ɗaya. Da aka zo zagayen ƙarshe sai lissafi ya tsaya cak: ita da Haddace, shi da farare ita da baƙaƙe, kuma yana gabanta da rabin maki. Canjaras ya ishe shi. Ita kuwa in ba ci ba, sai gida.

Ranar da safe Injiniya ya rako ta har bakin shagon fentin da jakar kayan aikinsa a kafaɗa. Bai taɓa hawa benen ba, yakan ce shirun wurin yana sa shi tari.

"Ina da wani firiji a layin baya," ya ce. "Ki dai sa dokin inda na nuna miki."

"Inda ka nuna mini," ta maimaita, tana hararar sa. Shi kuwa sai ya karɓi jakarta ya riƙe mata har ta gyara ɗaurin ɗankwali.

Ɗakin ƙungiya yana warin fenti kamar kullum, fanka ɗaya tana juyi tana ƙara. Baba Shugaba, tsohon da ya kafa ƙungiyar kuma yake alƙalanci, ya zaunar da kowa ya ce a tayar da agogo. Haddace ya miƙo hannu da fara'arsa.

"Anti Sista, Allah ya ba mai rabo sa'a."

"Amin, ƙanena."

Ya tura sojan gaban sarki, ta amsa. Ya fito da doki, ta fito da nata. Tafiya ta yi tafiya har suka iso mararrabar da kowa yake kaucewa. Sista ta ɗora hannu a kumatu ta yi jim, ba don ba ta san abin da za ta yi ba, sai don kada saurinta ya tona ta. Sannan ta bi hanyar da babu mai bi.

Haddace ya ɗago ya dube ta ta saman gilashi. Nan ne haɗarin yake. In ya sha jinin jikinsa ya sauya hanya, ta shiga uku, domin matsayin nata ba mai daɗi ba ne in ba a kai ƙarshen nan ba. Ya ɗan jima yana kallonta. Ita kuwa ta tattaro fuskar da take sawa in za ta yi wa matsoraci allura, fuskar da ba ta cewa komai. Sai ya ɗan girgiza kai irin na tausayi, ya buga abin da littafi ya ce.

Daga nan ya koma zuba su kamar ruwa. Waɗanda suka gama wasanninsu suka fara taruwa a bayansu, kuma duk sun gane wasan. Ta ji wani yana raɗa cewa Anti ta manta, wani ya ce tsufa ne. Baba Shugaba ya zo ya tsaya da hannuwa a baya, ya kalli allon, ya kawar da kai kamar wanda ya ga haɗari a hanya. Wannan kawar da kan ya yi mata ciwo fiye da raɗe-raɗin, don tsohon yana ƙaunarta, ta sani.

Hasumiyar fari ta zo ta auni doki da sarauniya. Ƙaramin soja ya matso. Haddace ya danna agogo, ya rubuta motsinsa, ya rufe alƙalaminsa ya sa a aljihu. Har ya ɗan goge tafin hannunsa a wando, yana shirin gaisawa.

"Anti," ya ce a hankali, ba da izgili ba, "nan ne fa."

"Nan ne me?"

"Nan ya tsaya. Gwanin mai wasan."

"Ba a magana a kan allo," in ji Baba Shugaba, amma shi ma muryarsa ta mai jiran a gama ce.

Sista ta kalli dokin. Ta sake bin rassan nan ɗaya bayan ɗaya a cikin kanta, ta tabbatar kowane ɗa yana inda yake a teburin gidanta. Sannan ta ɗauki dokin ta dire shi a cikin gidan fari, inda soja zai ci, sarauniya za ta ci. Ta danna agogo.

Wani daga baya ya yi 'yar dariya. Haddace ya yi murmushi, ya kai hannu kan hasumiyarsa, yatsunsa sun kusa taɓa ta sai suka tsaya. Sista ta san wannan tsayawar, ita ma ta yi ta. Ta ga idonsa ya gangara layin baya, ya hau kusurwa, ya ci karo da dokin, ya dawo. Murmushin ya bushe a fuskarsa. Ya ciro alƙalamin daga aljihu ya ajiye a tebur. Ya cire gilashi ya goge, ya mayar, kamar laifin gilashin ne.

Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar fanka. Agogon Haddace, wanda 'yan ƙungiya suke tsokanar cewa bai san aiki ba, yau ya ji jiki. Mutumin ya dafe kai da hannu biyu, ya duba cin doki da soja, ya duba ci da sarauniya, ya duba janye hasumiya. Sista ba ta ƙara kallon allon ba, shi take kallo, kuma daɗi yana taso mata tun daga tafin ƙafa. Ba daɗin ganin wahalarsa ba ne. Daɗi ne na wadda ta daɗe a bakin ƙofa, yau ta ji sakata tana zarewa.

Baba Shugaba ne ya fara ganewa cikin masu kallo. Ya sunkuyo, ya miƙe, ya kama haɓarsa. "Ikon Allah," ya ce, shi da ya hana magana.

Haddace ya daɗe. Daga ƙarshe ya tsayar da agogo, ya miƙo hannu, kuma don Allah ya yi shi da mutunci.

"Anti, na haddace wasan nan tun ina saurayi. Ban taɓa tambayar me ya sa ya tsaya ba. A wane littafi kika samo wannan?"

"Ba ya cikin littafi, ƙanena. Yana bayan inda littafin ya ƙare."

Sai ɗakin ya ɓarke. Samarin da suke raɗa ɗazu su ne suka fi kowa tafi, suna turereniya su ga allon. Baba Shugaba ya ɗaga hannu aka lafa, ya ce, "'Yata, kujerar taki ce. Ki je ki nemi hutu a wurin aiki." Sista ta rusuna ta yi masa godiya. Ta yi ta maza, amma idanunta sun riga sun cika.

Ana cikin haka aka ji tari daga bakin ƙofa.

Injiniya ne, da jakarsa a kafaɗa, hannunsa fes babu ɗigon mai, alamar babu firijin da ya taɓa tun safe. Ashe yana kan matakala tun da aka fara. Ya ratso mutane ya zo ya tsaya kan allon, ya dube shi sama da ƙasa, ya dubi Haddace da ya miƙe tsaye.

"An gama ne?"

"An gama, Yaya," in ji Haddace. "Na miƙa wuya."

"A kan me? Ai ga 'ya'yanka nan birjik. Ga ma sarauniya a banza."

"Baban Auta," in ji Sista, tana dariya hawaye na zuba, "don girman Allah, a nan ma?"

"To ni ban gani ba."

Ya ajiye jakar a ƙasa, ya ja kujerar Haddace ya zauna, ya ɗauki hasumiyar fari ya cinye sarauniyar matarsa, ya ajiye ta gefe da ƙarfi kamar wanda ya yi abin kai. Ya san abin da zai biyo baya sarai, an yi masa shi a gida har ya gaji. Amma ya naɗe hannu ya dube ta, yana ƙoƙarin ɓoye murmushi a cikin gashin baki, mutanen ɗakin duk sun matso sun yi da'ira.

Sista ta share ido da gefen mayafinta. Ta ɗauki hasumiyarta, ta sauko da ita tun daga wannan ƙarshen allo har wancan, ta dire ta a layin sarki.

"Ya mutu," ta ce.

Injiniya ya leƙa dama, ya leƙa hagu, ya taɓa sarkin ya ga babu inda zai sa shi. Sannan, a gaban kowa, ya miƙo mata hannu, abin da bai taɓa yi ba a teburin gida.

"To," ya ce. "Yanzu na yarda."